Jagora Kan Neman Digiri Na Uku A Kimiyyar Harshe Da Yadda Ake Kammala Shi

Digiri na uku, wanda jama'a suka fi sani da digirin digirgir, ya sha bamban da digirin farko da na biyu ta fuska guda mai muhimmanci. A matakan baya ana auna ɗalibi ne da yadda ya fahimci abin da masana suka riga suka faɗa, amma a wannan mataki ana auna shi da abin da ya ƙara a kan maganarsu. Dukkan sharuɗɗan da jami'o'i ke gindayawa, tun daga makin da ake nema wajen shiga har zuwa ranar da mai jarrabawa na waje, wato malami daga wata jami'a, zai zauna da ɗalibi, an tsara su ne domin a tabbatar da wannan ƙari. A fagen kimiyyar harshe akwai wani tarko da ke kama masu nema da yawa, musamman waɗanda za su yi nazarin harshen da suka tashi da shi: mutum ya ɗauka cewa tunda Hausa ko Fulfulde ko Kanuri harshen uwarsa ne, rabin aikin ya riga ya ƙare. Iya harshe daban, iya bayyana dokokin da ke tafiyar da shi da hujjar da wani masani zai iya gwadawa daban, kuma na biyun ne kaɗai ake ba wa digiri.

Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga tsarin jami'o'in Nijeriya, irin su Jami'ar Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da ta Ibadan, sannan za a taɓo inda tsarin ƙasashen waje ya bambanta.

Takardun shiga

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shata mafi ƙarancin sharuɗɗa, kowace jami'a kuma tana da damar ƙara nata a kai. Abin da aka fi haɗuwa a kansa shi ne mai nema ya kasance yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi, da digirin farko mai kyau, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, sannan da digiri na biyu a kimiyyar harshe ko a fage mai kusanci da ita, kamar Hausa ɓangaren harshe, ko Ingilishi, ko Larabci, ko Faransanci. A digiri na biyun ne ake tankaɗe da rairaya. Yawancin jami'o'i suna neman matsakaicin maki 3.50 a ma'aunin 5.00, wasu kuma suna ɗaga shi zuwa 4.00, ko su ce kashi 60 cikin ɗari. Jami'ar Ibadan ta daɗe da tsarin da wanda makinsa ya gaza kaɗan zai fara da rajistar M.Phil, wato digirin bincike da ke ƙasa da na uku, in ya nuna ƙwazo a mayar da shi ɗalibin digiri na uku. Wajibi ne digiri na biyun ya kasance na bincike, wanda aka rubuta masa kundi aka kare shi. Digirin ƙwarewar aiki, wanda darussa ne kawai da ɗan taƙaitaccen rahoto, ba a karɓarsa a matsayin tsani zuwa digiri na uku.

Wanda ya fito daga fagen da ba na harshe ba, misali malamin da ya karanci ilimin koyarwa ko aikin jarida, hanyarsa ta fi tsawo, domin sai ya bi ta babbar difloma ta gaba da digiri, ya yi digiri na biyu a fagen, kafin ya nemi na uku. Haka ma wanda ya yi digirinsa na biyu a ɓangaren adabi ko al'ada yake so ya koma ɓangaren harshe, sau da yawa sashe zai ɗora masa wasu darussan cike giɓi.

Takardar da ta fi ɓata wa masu nema lokaci ita ce cikakkiyar takardar sakamako, wadda ke nuna makin kowane darasi, domin ba a karɓarta daga hannun ɗalibi, tsohuwar jami'arsa ce za ta aika da ita kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar da yake nema. Saboda haka a nemi ta watanni kafin a buɗe sayar da fom, a kuma riƙe rasidin biya da shaidar aikawa. Sai wasiƙun shaida daga malamai, yawanci biyu ko uku. Ya fi kyau a nemi wasiƙa daga wanda ya duba kundin digiri na biyu, ko da bai kai matsayin farfesa ba, a kan a nemi ta babban farfesan da bai taɓa karanta layi ɗaya na rubutun mai nema ba, domin wasiƙar da ba ta ambaci wani aiki takamaimai ba, masu tantancewa sun san yadda aka same ta.

Tambayar bincike kafin sayen fom

Wannan shi ne matakin da ya kamata a fi daɗewa a kansa, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Mutane da yawa suna sayen fom tukuna, sannan su fara laluben abin da za su rubuta a gurbin taken bincike, alhali sashe yana duba wannan gurbi ne domin ya san abu biyu: ko mai nema ya san fagen, da kuma ko akwai malamin da zai iya duba aikin. Ana iya ƙin ɗaukar mutum mai maki sama da na kowa saboda kawai babu masanin ginin jumla ko na ilimin furuci da ke da gurbi a sashen a wannan shekara.

Abu na farko shi ne mai nema ya tsayar da reshen da zai zauna a ciki: ilimin furuci, ko tsarin sauti, ko ginin kalma, ko ginin jumla, ko ilimin ma'ana, ko walwalar harshe, wato yadda harshe ke gudana a cikin al'umma, ko nazarin karin harshe, ko tarihin harsuna da kwatanta su, ko fassara da tsara ƙamus. Bayan haka ya karanta abin da aka riga aka yi, kuma a nan ne mai son nazarin Hausa zai gane cewa ya shigo gonar da aka daɗe ana nomawa. Tun 1934 Bargery ya fitar da ƙamusunsa. A 1960 F. W. Parsons ya raba aikatau na Hausa zuwa azuzuwa bakwai, tsarin da har yau ake muhawara a kansa ana kuma aiki da shi. M. K. M. Galadanci ya rubuta kundinsa kan yankin suna a Jami'ar Landan a 1969. Paul Newman ya wallafa babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000, Philip Jaggar ya biyo da nasa a 2001. Wanda zai ce zai rubuta kundi a kan jam'in suna ko azuzuwan aikatau a Hausa bai karanta waɗannan ayyuka ba, zai shafe shekara biyu yana gano abin da aka buga kafin a haife shi. Ban da littattafai, akwai ɗaruruwan kundaye da ke ajiye a ɗakunan karatu na sassan harsuna a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda da yawansu ba sa kan intanet, sai an je da ƙafa an buɗe su. Akwai kuma mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Harshe da Ɗunɗaye.

Ba ana nufin Hausa ta ƙare ba ne. Ana nufin tambayar ta zama siririya, mai kaifi. Take irin "Nazarin karin harshen Hausa" fage ne, ba tambaya ba. Amma an san cewa bambancin jinsin namiji da mace ya raunana a Hausar Zariya da ta Bauci, ya kuma ɓace a Hausar zangon Gana, don haka mutum zai iya tambayar a wane gurbi na jumla jinsin ke fara faɗuwa, a bakin wane rukuni na masu magana, kuma ko akwai tsari guda da faɗuwar ke bi a duk wuraren uku. Wannan tambaya ce da za a iya tattara mata bayanai, a ƙidaya, a kuma samu amsar da za ta iya saɓa wa zaton mai bincike. Ita ce alamar tambaya ta gari: akwai yiwuwar sakamakon ya ƙaryata mai ita.

A ganina, irin taken da ya kamata a yi taka-tsantsan da shi shi ne na kwatanta Hausa da Ingilishi ko da Larabci kawai domin a jera inda suka yi kama da inda suka bambanta, da kuma na ɗauko wani ra'i daga waje, wato tsarin tunanin da masana suka shimfiɗa domin bayyana yadda harshe ke aiki, a ɗora shi a kan Hausa domin a nuna cewa ya dace. An yi irin waɗannan da yawa, kuma mai jarrabawa mai tsanani zai tambayi abin da ra'in ya bayyana wanda ba a sani ba a da. Idan bayanan Hausa suka tilasta a gyara wani sashe na ra'in, to an samu gudummawa. Idan kuwa sun shiga cikinsa lafiya lau ba tare da wata gardama ba, an samu atisaye ne mai kyau na digiri na biyu.

Akwai kuma wata ƙofa da ke buɗe a gefenmu wadda ba a cika shigarta ba. Hausa ɗaya ce daga cikin harsunan iyalin Cadi, waɗanda suka haura 150, kuma mafi yawansu ba su da cikakken bayanin nahawu. Russell Schuh ya rubuta kundinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis a kan harshen Ngizim a 1972, daga baya ya yi aiki a kan harsunan Miya da Bade da Bole, shi ma Newman da harshen Tera ya samu nasa digirin. Harsunan Yobe da Bauci da Gombe da Filato da kudancin Borno, waɗanda yaransu da yawa yanzu Hausa suke tashi da ita, suna buƙatar wanda zai rubuta tsarin sautinsu da nahawunsu tun da sauran dattawan da ke magana da su sosai. Ɗalibin da ya iya Hausa yana da sauƙin shiga waɗannan al'ummomi fiye da baƙo daga Turai, kuma duk abin da ya rubuta da inganci sabo ne. Sai dai aikin yana cin kuɗi da zaman ƙauye na watanni, don haka a lissafa wannan tun da wuri.

Da tambaya ta tsaya, sai a rubuta taƙaitaccen daftari na shafi uku zuwa biyar, a kai wa malamin da ake fatan zai duba aikin, bayan an karanta wasu daga cikin maƙalunsa. Yana da kyau a tambayi ɗalibansa na yanzu, cikin ladabi, tsawon lokacin da babi ke ɗauka a hannunsa kafin ya dawo, da yawan ɗaliban da ke ƙarƙashinsa, da ko ya kusa tafiya hutun bincike ko ritaya. Sashe ne ke naɗa masu duba aiki, yawanci biyu ko uku, babban cikinsu mai digiri na uku wanda ya kai aƙalla matsayin babban lakcara, amma sau da yawa ana la'akari da malamin da ya riga ya nuna sha'awar taken.

Idan karatun a waje ne

A Amurka ana iya shiga shirin digiri na uku kai tsaye daga digirin farko, shirin yakan ɗauki kimanin shekara biyar, kuma galibin manyan sassa suna rufe karɓar takardu a watan Disamba domin karatun da zai fara a ƙarshen Agusta ko Satumba. Ana neman bayanin manufa, da samfurin rubutun bincike, da wasiƙun malamai uku, da sakamakon jarrabawar iya Ingilishi ta TOEFL ko IELTS idan ba a yafe ba. Samfurin rubutun ne ya fi nauyi, kuma maƙala mai shafi ashirin da ta warware matsala ɗaya ta fi kundi mai shafi ɗari biyu tasiri. Shekara biyun farko darussa ne, sannan a sassa da dama ɗalibi ya rubuta maƙalun cancanta guda biyu a rassa daban-daban, ya kare su, kafin a ba shi izinin fara kundi. Yawanci jami'a ce ke ɗaukar nauyin kuɗin makaranta da alawus, ɗalibi kuma ya taimaka da koyarwa. A Ingila sai an zo da digiri na biyu da cikakken daftarin bincike, karatun shekara uku zuwa huɗu ne, kuma akwai tantancewa a ƙarshen shekarar farko. A Jamus, inda jami'o'in Hambug da Kolon da Bairoit da Farankfot ke da tsohon tarihi a nazarin harsunan Afirka, abin da ke buɗe ƙofa shi ne wasiƙar farfesan da ya yarda zai duba aikin, da ita ake neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, kuma ba a ba mutum cikakken ikon amfani da laƙabin dakta sai ya wallafa kundin. Nijar kuwa tana bin tsarin Faransa, inda ake shiga bayan shekara biyu na masta, wato digiri na biyu, a yi rajista a makarantar digiri na uku, kamar yadda ake yi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Daga rajista zuwa kare daftari

A Nijeriya ɗalibin cikakken lokaci ba ya kammalawa a ƙasa da zangon karatu shida, wato shekara uku, kuma iyakar da aka saba bayarwa zango goma ne, na wucin gadi kuma ana ƙara masa. Rajista ana sabunta ta kowace shekara, ko da ɗalibi yana ƙauye yana tattara bayanai, kuma wanda ya bar ta ta tsinke zai iya tarar da an cire sunansa ko an tara masa bashin shekaru a daidai lokacin da yake shirin kare kundi. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsu, wanda ke zuwa da yarjejeniyar komawa aiki bayan kammalawa.

Shekarar farko a jami'o'i da yawa ta darussa ce: tsarin sauti da ginin jumla da ilimin ma'ana a babban mataki, da dabarun bincike, da gabatar da maƙala a taron sashe. Mai dabara yakan sa kowace maƙalar darasi ta zama tubalin wani babi na kundinsa. Bayan darussa sai cikakken daftarin bincike, wanda a mafi yawan sassa shi ne babi uku na farko: shimfiɗa da manufa da farfajiyar bincike da hujjar ci gaba da shi, sai bitar ayyukan da suka gabata, sai ra'i da hanyoyin gudanar da bincike. Bitar ita ce inda ake gane ɗalibi. Jera sunayen masana ɗaya bayan ɗaya, wane ya ce kaza a shekara kaza, ba bita ba ce. Abin da ake nema shi ne a tara ayyukan bisa matsalar da suka tunkara, a nuna inda suka saɓa wa juna, a nuna misalin da bayaninsu ya kasa ɗauka, har mai karatu ya ga giɓin da idonsa kafin a faɗa masa. Ana kare daftarin a gaban malaman sashe, kuma duk gyaran da aka bayar a rubuta shi a takarda a samu sa hannun mai duba aiki, domin bayan shekara biyu ba kowa zai tuna abin da aka amince a kansa ba.

Harshen rubutu ma abin tsayarwa ne tun yanzu. Sassan harsunan Nijeriya a Arewa suna karɓar kundi da Hausa, sassan kimiyyar harshe kuwa galibi da Ingilishi. Mai rubutu da Hausa ya tsaya a kan keɓaɓɓun kalmomi guda, ya dogara da waɗanda masana suka amince da su, kada ya kira abu ɗaya da suna uku a babi uku.

Tattara bayanai da rubuta su

Tsakanin kare daftari da gabatar da sakamako ne mafi yawan ɗalibai ke maƙalewa, kuma dalilin kusan kullum bayanai ne. Mai binciken harshensa yakan zauna a ɗaki ya ƙirƙiro jumloli daga kansa, ya yanke hukuncin wacce ta karɓu wacce ba ta karɓu ba. Wannan yana da gurbinsa a nazarin ginin jumla, amma sai an gwada hukuncin a bakin wasu masu magana, an kuma faɗi adadinsu da garinsu da shekarunsu, domin abin da Bakano ya ƙi, Basakkwace na iya karɓa. A nazarin furuci da karin harshe da walwalar harshe kuwa babu makawa sai an naɗi murya. A yi amfani da rakoda mai naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a guji saƙon murya na WhatsApp domin yana matse sauti ya zubar da abin da ake son aunawa. Kafin a kunna na'ura a bayyana wa mai magana abin da za a yi da muryarsa, da harshen da yake ji, a samu yardarsa a rubuce ko a naɗe, a kuma bi ta hannun mai unguwa ko dagaci inda al'ada ta buƙaci haka. Kowane naɗi a rubuta masa rana da wuri da bayanin mai magana a ranar da aka yi shi, a ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da kwamfutar ba.

Rubuta abin da aka naɗa ya fi naɗin cin lokaci nesa ba kusa ba, minti ɗaya na hira yana iya cinye awa guda idan ana yi masa fassarar ƙwayoyin ma'ana, wato ƙananan sassan kalma masu ɗauke da ma'ana, saboda haka awa goma da aka rubuta da kyau sun fi awa ɗari da ke jibge ba a taɓa ba. Manhajojin aikin kyauta ne: Praat domin auna sauti, ELAN domin daidaita rubutu da murya, FLEx domin tara kalmomi da fasa su, Zotero domin manazarta. A koye su kafin a tafi fili. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya, da tsawon wasali, shi ya sa kuka na yaro da kuka ta miya suke fitowa da harufa iri ɗaya, amma a kundin kimiyyar harshe dole kowane misali ya ɗauki alamominsa, da tsari guda daga farko har ƙarshe. Masu jarrabawa suna buɗe kundi a tsakiya su duba misalai biyar, in suka tarar da karin sauti ba daidai ba a biyu, sun daina yarda da sauran. Misalan jumla a jera su layi uku bisa ƙa'idojin Laifzig: jumlar, da fashin ƙwayoyin ma'anarta, da fassara.

Wajen rubutu, a fara da babin sakamako, domin shi ne zuciyar kundi, a bar gyaran shimfiɗa da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin kundi, zuwa ƙarshe. A riƙa miƙa babi ɗaya-ɗaya, a rubuta ranar miƙawa da ranar karɓa, a kuma ci gaba da babi na gaba yayin jira. Yajin aikin malaman jami'o'i, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, yana tsayar da taruka da sa hannu, amma ba ya hana rubuta bayanai. Misalan da suka ƙi bin dokar da ɗalibi ya gano kada a ɓoye su, a kawo su a fili a tattauna, domin mai jarrabawa da ya san harshen zai kawo su da kansa.

Jami'o'i da dama yanzu suna sharɗanta a wallafa maƙala ɗaya ko biyu daga kundin kafin a kare shi. Mujallar kirki tana ɗaukar watanni tana tantancewa, don haka a aika tun a shekara ta biyu, a kuma gabatar da aikin a taron Ƙungiyar Masana Kimiyyar Harshe ta Nijeriya ko ta Afirka ta Yamma domin a ji suka tun da sauran lokacin gyara. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda idan an biya kuɗi, sunanta a takardun mutum illa ne.

Kare kundi da abin da ke biyo baya

Idan masu duba aiki suka gamsu, ɗalibi zai gabatar da sakamakonsa a taron sashe ko na tsangaya, wanda ake kira karewa ta cikin gida, ya yi gyare-gyare, sannan a tace kundin da manhajar gano satar fasaha irin Turnitin. Kowace jami'a tana da iyakar kamancen da take karɓa, sai a duba littafin dokokin makarantar karatun gaba da digiri, wanda a cikinsa ne kuma za a ga salon manazarta da girman harafi da launin bango. Daga nan sashe zai miƙa sunan mai jarrabawa na waje, babban malami daga wata jami'a, a amince da shi, a aika masa kundin, a jira rahotonsa. Wannan zagaye kaɗai yana iya cin watanni, don haka wanda wa'adinsa ya kusa cika ya nemi ƙarin lokaci a rubuce kafin ya cika.

A ranar karewa za a ba ɗalibi ɗan lokaci ya taƙaita aikinsa, sannan tambayoyi. Uku daga ciki kusan ba sa wucewa: mene ne sabon abin da aikin ya kawo, me ya sa aka zaɓi wannan ra'i aka bar wancan, kuma daga ina bayanan suka fito. Amsar tambaya ta farko ya kamata ta fito cikin jumla biyu ko uku ba tare da duba takarda ba. Inda mai jarrabawa ya kama kuskure na gaskiya a karɓa, inda kuma ɗalibi ke da hujja ya buɗe shafin ya nuna misalin cikin ladabi, domin kare matsayi da hujja yana cikin abin da ake aunawa. Hukuncin yakan zama cin nasara da ƙananan gyare-gyare, ko da manyan gyare-gyare, ko a sake miƙawa, kuma kowanne yana da wa'adinsa, wanda saɓa masa kan jawo a sake karewa daga farko.

Bayan gyara, mai jarrabawa na cikin gida zai sa hannu cewa an yi duk abin da aka nema, a ɗinke kwafin da aka ƙayyade tare da kwafin kwamfuta, a karɓi takardar wanke kai daga ɗakin karatu da ofishin kuɗi. Sakamakon zai bi ta hukumar makarantar karatun gaba da digiri zuwa majalisar dattawan jami'a, kuma sai ta amince ne digirin ya tabbata, don haka ba a sa laƙabin dakta a gaban suna a takardun hukuma daga fitowa ɗakin karewa. Naɗe-naɗen muryar da aka tara kuma a miƙa kwafinsu ga sashe ko wata ma'ajiyar harsuna tare da bayanansu, a mayar da wani kwafi ga al'ummar da aka naɗa, bisa sharuɗɗan da masu maganar suka amince da su tun farko.